Cefanen Sabuwar Ɗalibar Kimiyya a Zariya

Wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Zariya, in ya wuce Kwangila da Palladan da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, sai ya iso Samaru. Ta hannu ɗaya ga shingen Jami'ar Ahmadu Bello, mota ta yi ta tafiya bai ƙare ba. Ta ɗaya hannun kuwa ga garin da ya ke cin abinci a jikin jami'ar: teloli, da masu tuwo, da masu buga takardu, da masu gyaran waya, da masu ba da hayar ɗaki. In ɗalibai sun tafi hutu, ko kuwa malamai sun shiga yajin aiki kamar yadda suka yi wata takwas a 2022, sai garin ya yi tsit kamar an share shi. Amma a makonnin farko na sabuwar shekarar karatu, ko wurin sa ƙafa da ƙyar a ke samu. A lokacin ne za ka ga iyaye suna bin shaguna, takarda a hannu, yaro ko yarinya a baya, suna karanta sunayen littattafan da ba su taɓa ji ba, suna kuma taɓa aljihu.

Na san da yawa cikinku, masu karatu, za ku yi irin wannan tafiya, in ba bana ba, baɗi. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin abin da na gani da abin da na jiyo a can.

'Yar ƙanwata ce ta sami shiga sashen kimiyya. Ubanta manomin citta ne a ƙasar Kaciya. Kun dai san abin da ya sami citta a daminar 2023, sa'ad da cuta ta faɗa wa gonakin Kudancin Kaduna, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa. Gidansu bai gama farfaɗowa ba. Bayan an biya kuɗin makaranta da na ɗaki, abin da ya rage domin littattafai da kayan gwaji shi ne kuɗin awaki biyu da uwarta ta sayar. In wannan ya ƙare, ba wani a bayansa sai kaka ta yi. Aka ce tun da ni malamin makaranta ne, in raka ta. Muka kwana Kaduna, da sassafe muka shiga mota a Kawo, muka wuce Marabar Jos da Jaji, kafin rana ta yi zafi mun sauka a Kwangila, muka hau ƙaramar bas zuwa ƙofar jami'a.

Samaru ta san kimiyya tun kafin a yi jami'a, gama tun 1922 a ke binciken aikin gona a nan, a kan auduga da gyaɗa da dawa. An buɗe jami'ar ran 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426 kaɗai. Shugabanta na fari, Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, shi kansa malamin fiziks ne. Wanda ya gaje shi a 1966, Dokta Ishaya Audu, likita ne, ya kuwa yi karatu a makarantar Wusasa, can gindin dutsen Kufena. A yau masu ɗaukar darasin kemistiri na shekarar fari kaɗai sun fi wancan adadi nesa ba kusa ba. Dalili kuwa shi ne, a shekarar fari kusan duk ɗaliban kimiyya tukunya ɗaya su ke ci. Mai nufin zama likita, da mai nufin harhaɗa magunguna, da mai son ilmin tsirrai, duka sai sun bi ta kemistiri da fiziks da bayoloji da lissafi, ga kuma darussan gwaji na kowanne. Watau dubban mutane suna neman abu iri ɗaya a mako ɗaya a gari ɗaya. Kowa ya san abin da wannan ya kan yi wa farashi.

Takardar da yarinyar ta zo da ita doguwa ce. Rabinta ta kwafo daga allon sanarwa, rabi daga abin da sababbin ɗalibai su ke ta aika wa juna a waya. Da na yi lissafi a kai, na ga ko garke guda aka sayar ba zai ɗauke ta ba. Sai muka nemi wata 'yar garinsu da ta ke shekara ta uku. Ta same mu a inuwa kusa da ɗakin kwanan 'yan mata da a ke kira Amina, sunan sarauniyar Zazzau. Ta gaishe ni, ta karɓi takardar, ta duba, ta yi murmushi.

Ta ce, "Baba, wannan ai takardar Jambito ce." Haka su ke kiran sabon shiga, daga sunan hukumar jarrabawar shiga jami'a. "Ku fara da abin da ba a aro. Littafi ana aro. Riga ba a aro, domin ranar da ta ke bukata, mai rigar ita ma tana bukata."

Wannan magana ita ce ta yi mana jagora har yamma. Ta sa fensir ta soke abubuwa da dama nan take. Akwai kwalaben gwaji a takardar, da doguwar kwalbar nan mai famfo a gindi da a ke kira buret, da siririya ta ɗiban ruwa da a ke kira fifet, har da madubin likita. Ta ce duk waɗannan kayan ɗakin gwaji ne, ɗalibi ya kan tarar da su a kan tebur, ba shi ne ya ke sayowa ba. Haka kuma sinadarai. Ya ku iyaye, in mai shago ya ce ɗanku na shekarar fari yana bukatar kwalbar asid ko madubin likita nasa na kansa, ku ce ya bari tukuna ku tambayo. Abin da sashe ya ke so ɗalibi ya zo da shi, malamin gwaji ne zai faɗa a makon fari, ya kan kuma ɗan bambanta daga shekara zuwa shekara.

Muka fara da ƙananan littattafan jagorar gwaji, waɗanda sassan da kansu su ke shiryawa. Sirara ne, ba su da kyan gani, amma a ciki a ke samun kowane gwaji da za a yi, da yadda za a rubuta sakamako. Ba a samunsu a wani kanti a Kaduna ko Jos, kuma na bara ba lalle ya yi daidai da na bana ba. Waɗannan muka saya sababbi, ba mu yi ciniki ba.

Daga nan muka ƙetare titi zuwa kasuwar Samaru neman farar riga. Shaguna da yawa sun rataye su a ƙofa, ɗinkakku, farare fat, suna ƙyalli. Da na taɓa sai na ji yadin santsi ne kamar na lema. A nan na tsaya, domin na san abin da wuta ta kan yi wa irin wannan yadi. Yadin roba in ya kama wuta narkewa ya ke yi, ya manne wa fata. Auduga kuwa ko ta ci wuta ba ta narkewa, ana iya tuɓe ta a yar. A ɗakin kemistiri kuwa da wuta a ke aiki, ga fitilar gas a kan kowane tebur. Muka shiga wurin wani tela dattijo a cikin kasuwa, na ce muna son ta auduga mai kauri.

Ya ce, "Malam, za ta fi tsada, kuma tana son guga."

Na ce mun ji. Ya auna ta, ya ce hannu dogo har wuyan hannu, tsawo har gwiwa, maɓallai har sama. Ya ƙara da cewa zai ɗan sake ta, domin yarinya in ta saba da abincin makaranta ko ta rame ko ta yi ƙiba, kuma rigar nan shekara huɗu za ta yi. Ga alama ya ɗinka ɗaruruwansu. Ya ce mu komo da la'asar.

Tabarau na kāriya shi ne abin da ɗalibai su kan raina, domin yana sa gumi, yana kuma ɓata kwalliya. Amma ku tuna da sodar nan da matanmu su ke haɗa sabulu da ita, wadda in ta taɓa hannu ta kan ci fata. Ita ce dai sinadarin da ɗalibin shekarar fari zai narkar a ruwa, ya yi ta ɗiga masa asid daga buret har launi ya juya, domin a gane ƙarfinsa. Ɗigo ɗaya a ido ya isa. Mun sayi irin wanda ya ke rufe gefe, ba na gayu ba. Muka sayi takalmi rufaffe, sau ciki, gama da silifa ba a shiga. Muka sayi safar hannu kaɗan. 'Yar garinsu ta kuma gargaɗe ta cewa ɗankwali ko mayafi a cusa shi cikin riga, kada ya yi reto a kan wuta.

Sauran kayan ƙanana ne, amma in an tara su sai su yi nauyi a aljihu. Akwai littafin giraf, mai takarda kamar gidan dara ƙanana ƙanana, domin fiziks. A gwajin farko a kan rataye ɗan dunƙulen ƙarfe a zare, a sa shi lilo, a ƙirga lokacin da zai ɗauka ya je ya komo sau 20, a canja tsawon zaren a sake. Daga layin da aka ja a takardar giraf a ke fitar da ƙarfin da ƙasa ta ke jan abu da shi, wajen 9.8. In fensir ya dakushe, ko rula ta karkace, amsa ta tafi. Saboda haka rula mai garai-garai ta santimita 30, da fensir mai tauri, da abin fiƙe shi, ba kayan wasa ba ne. Domin bayoloji kuma akwai littafin zane marar layi, da reza, da ɗan gilashin hannu mai ƙara girman abu, da akwatin kayan fiɗa mai almakashi da hantsaki da allura da 'yar wuƙa. Wannan na ƙarshe aka ce mu dakata da shi, domin sau da yawa ɗalibai su kan yi aiki rukuni rukuni, akwati ɗaya ya ishi mutum huɗu ko biyar.

Da azahar muka koma Kwangila, muka nufi PZ da Sabon Gari. PZ sunan tsohon kamfanin Paterson Zochonis ne ya bi wurin. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi, tun da layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, baƙi daga kudu da ko'ina suka zauna kusa da tasha. Har yanzu in kana neman abin da babu a wani wuri, can za a tura ka. Hausa a ke yi a kasuwar, amma Hausa ce mai ɗauke da muryoyi iri iri.

Kalkuleta muka fara nema. Wadda ɗaliban kimiyya suka fi riƙewa ita ce Casio ƙirar fx-991, domin tana yin duk lissafin shekarar fari, kuma ba ta cikin irin waɗanda a ke iya ɓoye rubutu a ciki, waɗanda a kan hana shiga da su jarrabawa. Mai shagon ya fito da biyu, kamanninsu ɗaya kamar tagwaye, farashin ɗaya bai kai rabin na ɗayar ba.

Yarinyar ta raɗa mini, "Kawu, mu ɗauki mai arahar, ai duk ɗaya ne."

Na ce ta riƙe su a hannu biyu. Mai arahar ba ta da nauyi. Maɓallanta suna kaɗawa. In an ɗan karkata ta, lambobin su kan dushe. Ɗan tagar nan na sama da ya kamata ya sha hasken rana, a jikinta baƙar roba ce kawai aka manna. Mai shagon bai yi musu ba, ya ce kowa da ƙarfin aljihunsa. Gaskiyarsa. Amma abin da za a shiga jarrabawa da shi shekara huɗu, in ya mutu a tsakiyar takarda ba mai ba ka aro. Muka sayi ta ainihi, kuma ita ce abu mafi tsada da muka saya ran nan. Kafin mu bar shagon na sa ta buga sin 30, amsa ta fito rabi. In wani abu dabam ya fito, ba lalacewa ba ce, an juya ta ne zuwa wani ma'aunin kusurwa, sai a komo da ita. Ɗalibai da yawa sun zubar da maki a kan wannan ɗan abu.

Sa'an nan muka zo ga littattafai, inda kuɗi ya ke nutsewa. Manyan sunaye huɗu ko biyar ne su ke yawo a bakin ɗalibai. A fiziks akwai Advanced Level Physics na Nelkon da Parker, wanda aka fara bugawa tun 1958. A bayoloji akwai Biological Science na Green da Stout da Taylor. A lissafi akwai Engineering Mathematics na Stroud, mai koyarwa taki taki kamar malami yana zaune kusa da kai. A kemistiri kuwa da yawa su kan zo da New School Chemistry na Ababio daga sakandare, ya kan kuma taimaka a watannin fari, ko da ya ke ba zai kai mutum ƙarshen shekara ba.

Yawancin waɗannan daga waje su ke zuwa, har waɗanda a ke bugawa a gida ma da takardar waje a ke buga su. A watan Mayu 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Kowane littafi da ya ƙetaro teku ya bi ta. Waɗanda suka girme ni za su tuna da littattafai masu tambarin ELBS, tsarin da gwamnatin Ingila ta fara a 1960 na buga littattafan jami'a da araha domin ƙasashe irin namu. An daina shi a 1997. Gurbin da ya bari, masu bugun sata ne suka cike shi.

A shago na biyu aka miƙo mana wani babban littafin kemistiri, sabo a leda, da farashi mai daɗin ji. Na roƙa a buɗe ledar. Mai shagon ya yi ɗan jinkiri, ya buɗe. Bangon yana da kyau. Ciki kuwa takarda ce shara-shara, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba. Hotunan da ya kamata su zo da launi sun zama baƙi da toka. Na juya zuwa wurin lissafi, na nuna wa yarinyar abin da na ke tsoro. A kimiyya akwai 'yan ƙananan lambobi da a ke ɗorawa a kafaɗar babbar lamba, ko a sa a ƙafar harafi. Goma mai 3 a kafaɗa dubu ke nan. In akwai 'yar alamar ɗebewa gaban 3 ɗin, ya zama kashi ɗaya cikin dubu. Tsakanin biyun nan ninki miliyan ne, kuma abin da ya raba su ɗan layi ne da bai kai ƙwayar gero ba. A wannan bugu, 'yan layukan nan wasu sun fito, wasu sun ɓace. Haka CO da CO2. Na biyun shi ne iskar da mu ke fitarwa in mun yi numfashi. Na farin shi ne gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ta kan kashe mutane a ɗaki rufe. In tawada ta cinye ɗan 2 ɗin nan, yaro zai haddace kuskure da zuciya ɗaya, bai kuwa san ya yi ba.

Ban ga laifin uban da ya sayi irin wannan domin ba shi da hali ba. Amma a sani, kayan sata ne. Wanda ya yi shekaru yana rubutawa bai sami ko kwabo a ciki ba, kuma dokar haƙƙin mawallafa da aka sa wa hannu a 2023 ta hana bugawa da sayarwa. Ga ni kuma, ko ba don doka ba, tsohon littafi na ainihi ya fi sabon jabu.

Tsofaffin kuwa akwai su. A bakin titi, a kan tebura da tabarmi, masu sayar da littattafan hannu sun baza kayansu, rana tana dukansu. A nan na fi daɗewa, har yarinyar ta fara duban agogo. Littafin hannu yana da tarihinsa a jiki: sunan mai shi na fari da shekara, da layin da ya ja a ƙarƙashin abin da ya ba shi wuya, wani lokaci har da amsar da ya gyara da biro. Cikin tarin na ga wani tsohon kwafin Ikon Allah, wanda R. M. East da Abubakar Imam suka rubuta, aka fara fitarwa a 1949, yana bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausa. A nan Zariya aka yi shi, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Na juya shafukansa ina tunani, ashe an taɓa ɗaukar hanyar koya wa yaro kimiyya da harshen da ya ke mafarki da shi. Ɗalibinmu na yau kuwa kokawa biyu ya ke yi a lokaci guda, da Turanci da kuma ilmin kansa. Na saye shi da kuɗin aljihuna, ba da na awaki ba.

A sayen tsohon littafi akwai abin lura, domin ba kowane fanni ne ya ke tsufa da sauri ɗaya ba. Lissafi ba ya tsufa. Stroud na shekara 30 da suka wuce zai koyar da abin da sabo zai koyar. Fiziks na shekarar fari ma haka, dokokin Newton suna nan inda su ke. An dai sake ma'anar kilogiram a 2019, aka daina dogara ga dunƙulen ƙarfen da ke ajiye a Faransa, amma wannan gyara ne na layi biyu da ɗalibi zai rubuta a gefen shafi. A kemistiri, jadawalin sinadarai ya cika 118, huɗun ƙarshe a 2016 aka raɗa musu suna, saboda haka tsohon jadawali zai nuna gurabe a layin ƙasa. Wannan ma ba ya hana karatu. Bayoloji ne mai saurin tsufa. Littattafan da suka kasa masu rai gida biyar suna bin tsarin 1969 ne, alhali tun 1990 aka kawo wani tsari mai manyan rassa uku, ga kuma ilmin ƙwayoyin gado da ya ke ta ƙaruwa. In za a sayi tsoho, a sayi na lissafi da fiziks. Na bayoloji a nemi bugu na baya-bayan nan, ko da aro ne.

Akwai wani abu kuma da ya kan rikita yaranmu, na kuwa faɗa mata tun a wurin. A sakandare mun koya musu sunaye irin su tetraoxosulphate(VI) acid. In suka buɗe littafin da aka rubuta a Ingila ko Amurka, ba za su ga wannan suna ba, sai sulphuric acid. Abu ɗaya ne, ruwan batir ne da kowane makanike ya sani. Yaro ya kan ɗauka sabon abu ne ya firgita. A riƙe alamar H2SO4, ita ba ta canjawa ko'ina.

Muka sami Nelkon da Parker na hannu, bango ya ɗan yage, amma shafuka cikakku. Na ƙirga su ta lambobi, musamman na tsakiya da na ƙarshe inda amsoshi su ke. Mai tebur ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka, muka juya kamar za mu tafi, ya kira mu. Wannan kaɗai muka saya cikin manyan littattafai. Stroud kuwa 'yar garinsu ta riga ta ce za ta ba ta aron nata har ƙarshen shekara.

Sauran fa? Hanya biyu ce. Ta fari ita ce babban laburaren jami'a, mai sunan Sir Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Ɗalibin da ya yi rajista yana da ikon shiga ya zauna ya karanta, kuɗinsa yana cikin abin da aka riga aka biya. Iyaye da yawa ba su san wannan ba, yara da yawa kuma sai jarrabawa ta matso su ke neman ƙofarsa. Ta biyu ita ce waya. Tun 2012 Jami'ar Rice ta Amurka ta fara fitar da littattafan shekarar fari kyauta a intanet da sunan OpenStax, na kemistiri da fiziks da bayoloji da lissafi. Ba na sata ba ne, masu su ne suka ce kowa ya ɗauka. A kan sauke su sau ɗaya a ajiye a waya, a karanta ko babu data. Sai dai karatu a waya yana da nasa wahala. Allon ƙarami ne, ido ya kan gaji, caji ya kan ƙare, ga saƙonnin ƙawaye suna shigowa a tsakiyar shafi. Abin da na ba ta shawara shi ne, babin da a ke kai a wannan mako ta kai shi wurin masu buga takardu a ƙofar arewa ta jami'a a buga mata shi kaɗai, ta riƙa karantawa da biro a hannu.

Wani uba da muka zauna tare a bas ya tambaye ni ko bashin karatu na gwamnati yana sayen littafi. Abin da aka fara a 2024 shi ne, a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, a kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Bashi ne, za a biya bayan an gama. Wanda ya ke so ya bincika a ofishin kula da ɗalibai, amma kada ya zo makon fari da hannu wofi yana dogara gare shi, gama ɗakin gwaji ba ya jiran kowa.

Da la'asar sakaliya muka komo Samaru. Tela ya cika alkawari. Ta sa rigar a kan kayanta, hannun ya ɗan wuce, ya ce ta naɗe sau ɗaya, bayan wanki biyu zai zauna daidai. Ya ba ta shawara ta rubuta sunanta a cikin wuya da tawadar da ba ta fita, domin a igiyar shanya ta ɗakin kwana duk fararen riguna kamanninsu ɗaya. Muka zauna a bencin wata mai ƙosai muka yi lissafi. Kuɗin akuya ɗaya da ɗan ƙari ya tafi. Abin da ya rage muka kasa biyu. Kashi ɗaya na buga takardu ne da akwatin kayan fiɗa, in an ce lalle sai da shi. Ɗayan kuwa 'yar garinsu ta ce a ɗaure shi dabam kada a taɓa, domin a ɗakunan gwaji da yawa wanda ya fasa buret shi ya ke biya, kuma hannun sabon shiga ya kan yi rawa a makonnin fari.